Labarin Musa bin Maimun, Malamin Yahudawan Masar, Wanda Ya Ƙi Ci Da Karatunsa

Akwai wata tambaya da ba ta taɓa rabuwa da masu ilmi ba, a kowace ƙasa da kowane addini, ita ce, mutumin da ya tsare ransa ga karatu da karantarwa, daga ina abincinsa da na iyalinsa zai fito? Wani ya kan jingina da sarki, wani da attajiri, wani ya kan jira sadakar jama'a, wani kuwa ya kan riƙe alƙalami da safe, da yamma ya riƙe fartanya ko allura. Wannan labari na wani malami ne Bayahude, sunansa Musa bin Maimun, wanda ya yi zamani cikin ƙarni na 6 na Hijira, ya yi kusan duk rayuwarsa a ƙasashen Musulmi. Tun yana saurayi ya yanke wa kansa hukunci a kan wannan tambaya, aka jarraba shi a kanta jarrabawa mai tsanani, bai kuwa sake magana ba har ya bar duniya. Yahudawa suna kiransa Rambam, Turawa suna ce da shi Maimonides, Larabawa kuwa suka rubuta shi Abu Imrana Musa bin Maimun Alƙurɗubi. Shekarun da za a ambata a nan na lissafin Miladiyya ne, sai inda aka ce Hijira.

Asalinsa da tashinsa

An haifi Musa a shekarar 1138 a birnin Ƙurɗuba, cikin ƙasar Andalus, watau kudancin Sifen ta yau. Malamai sun san sunan garin nan, gama shi ne garin da a ke jingina wa Ƙurɗubi mai tafsiri, a nan kuma aka haifi Ibnu Rushdi mai Bidayatul Mujtahid, wanda ya girme wa Musa da shekara 12. Uban Musa, Maimun, alƙali ne na Yahudawan birnin, iyayensa da kakanninsa ma alƙalai ne da malamai. A zamanin nan Yahudawa suna zaune bisa amana, suna ba da jiziya, suna da majami'unsu da makarantunsu da alƙalansu masu yi musu shari'a da dokar Attaura. Larabci su ke yi a gida da kasuwa, Ibraniyanci kuwa shi ne harshen ibadarsu.

Yana da shekara 10 duniya ta juya musu baya. Muwahhiduna, mabiyan Ibnu Tumart, suka taso daga duwatsun Magrib, suka kawar da mulkin Murabiɗuna, suka ci Ƙurɗuba a 1148. Su ba su yarda da zaman amana ba, sai suka sa Yahudu da Nasara su zaɓa, ko su bar addininsu, ko su bar ƙasa, ko a kashe su. Maimun ya kwashi iyalinsa, suka yi shekaru suna yawo cikin Andalus, yau nan gobe can, har wajen 1160 suka ƙetare zuwa birnin Fas. Duk da wannan tashin hankali yaron bai aje karatu ba. A wurin ubansa ya ɗauki Attaura da shari'arsu, a wurin malaman Larabawa da littattafansu ya ɗauki hisabi da falaki da manɗiƙi da falsafa da ilmin magani. Littattafan Farabi da na Ibnu Bajja sun shiga ransa ƙwarai.

Fas ma tana hannun Muwahhiduna, zama bai yi daɗi ba. A 1165 suka shiga jirgin ruwa a Bahar Rum, suka yi kusan wata guda suna tafiya, suka sauka a Akka, bakin tekun Sham. Suka ziyarci Baitul Muƙaddasi da garin Halilu inda kabarin Annabi Ibrahim ya ke. Amma ƙasar tana hannun Turawa masu yaƙin gicciye, waɗanda Larabawa ke kira Faranja, Yahudawan da ke cikinta kaɗan ne, matalauta kuma. Sai suka gangara Masar, suka zauna a Fusɗaɗ, watau tsohon birnin da ke kudu da Alƙahira kaɗan. Uban bai daɗe ba ya rasu, gida ya koma hannun Musa da ƙanensa Dawuda.

Hukuncin da ya yanke

Tun yana da shekara 23, yana cikin gudun hijira, Musa ya fara rubuta sharhi a kan Mishna, littafin da ya tara hukunce-hukuncen da malaman Yahudawa na farko suka karɓa baki da baki, aka harhaɗa shi kashi 6 wajen shekara ta 200. Ya gama sharhin a Masar a 1168, yana da shekara 30, an san shi da suna Kitabus Siraj. Mai karatun ajami zai so ya ji yadda aka rubuta shi. Yadda Bahaushe ke rubuta harshensa da baƙaƙen Larabci, haka Yahudawan ƙasashen Larabawa ke da nasu ajamin, sai dai su Larabci su ke rubutawa da baƙaƙen Ibraniyanci, waɗanda su ke 22, ana kuwa jan su daga dama zuwa hagu. Da wannan ajami su ke rubuta littattafai da fatawoyi da wasiƙun ciniki da takardun bashi, da shi Musa ya rubuta yawancin littattafansa.

Cikin wannan sharhi ya jera ginshiƙai 13 na aƙidar Yahudawa, farkonsu samuwar Mahalicci, da kaɗaitakarsa, da cewa shi ba jiki ba ne. Cikinsa ne kuma ya taɓo maganar da ta jawo masa baƙin jini. A zamanin nan manyan makarantun Yahudawa, musamman ta Bagadaza, da kuɗin da a ke tarawa daga garuruwa su ke rayuwa, malamai da alƙalai suna da rabonsu da aka yanka. Musa ya ce wannan kuskure ne, bai halatta mutum ya mai da Attaura abin neman abinci ba. Hujjarsa ita ce malaman farko da a ke tinƙaho da su, wani mai saran itace ne, wani mai ɗiban ruwa, ba su kuwa miƙa hannu ga kowa ba. A ganinsa, in jama'a suka ga malami yana ci da karatunsa, sai su ɗauki addini sana'a ce kamar sauran sana'o'i, girmansa ya zube a idonsu. Hausawa ma sun ce kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski, wanda ya ke ci daga hannun mutum da wuya ya faɗa masa gaskiya mai ɗaci.

Amma bai rufe ƙofa duka ba. Ya ce ya halatta malami ya ba falke jari ya juya masa, ya halatta a fara sayen hajar malami a kasuwa kafin ta wasu, a kuma ɗauke masa wasu haraji. Irin wannan hulɗa ta mai jari da mai tafiya sananniya ce a Masar ta wannan zamani, masu fiƙihu suna kiranta ƙiradi. Haka kuwa gidan Maimun ya shirya. Dawuda ya ɗauki dukiyar gida yana fataucin duwatsu masu tamani, Musa ya zauna yana karatu da rubutu da hidimar jama'a, ba ya karɓar ko anini.

Hidimar jama'a

Hidimar kuwa ba ta jira ba. A 1168 sarkin Faranja na Baitul Muƙaddasi, Amalrik, ya kawo yaƙi Masar, ya ci garin Bilbais, ya kama mutane da yawa, cikinsu har da Yahudawa. A wajen Yahudawa fansar kamamme tana cikin manyan wajibai. Kuɗin fansa da aka saba a zamanin nan dinari 100 ne a kan mutum 3, alhali dinari 2 ya kan riƙe ƙaramin gida wata guda, watau fansar mutum ɗaya ta fi cefanen shekara. Musa ya rubuta wasiƙu zuwa garuruwan Masar yana kira a tara kuɗi, ya aiki amintattu su karɓo, ya riƙa ba da takardar shaida a kan abin da ya shigo. Wannan aiki ya sa sunansa ya fito.

A 1171, daidai da 567 ta Hijira, Salahuddin Ayyubi ya kawar da daular Faɗimiyyawa, Masar ta koma ƙarƙashin halifan Abbasiyawa. A wajen wannan lokaci aka naɗa Musa Ra'isul Yahud, watau shugaban Yahudawan Masar, mai naɗa alƙalansu, mai tsayawa tsakaninsu da hukuma. Bai daɗe a kan muƙamin ba, gama akwai masu takara da shi, sai a ƙarshen rayuwarsa ya sake riƙe shi. Amma ko da muƙami ko babu, fatawa a wurinsa a ke nema, daga Iskandariya da Sham da Bagadaza har kudancin Faransa, ɗaruruwan amsoshinsa suna nan har yau.

Wajen 1172 Yahudawan Yaman suka aiko masa da kuka. Wani mai mulki a can yana tilasta musu barin addininsu, ga kuma wani mutum ya taso cikinsu yana da'awar shi ne mai share fagen Almasihun da su ke jira. Musa ya rubuta musu doguwar wasiƙa da ajaminsu, don mata da yara su ji, ya ƙarfafa zukatansu, ya faɗa musu mai da'awar nan ba shi da cikakken hankali, kada su bi shi su jawo wa kansu halaka. Mutanen Yaman ba su manta da wannan ba, har suka sa sunansa cikin addu'arsu tun yana da rai.

A Masar kuma ya lura da wata ɗabi'a cikin majami'u. Al'adarsu ce kowa ya yi addu'a a asirce, sa'an nan mai ja gaba ya maimaita da ƙarfi. To, waɗanda suka gama tasu sai su juya suna hira, maƙwabtansu Musulmi suna gani. Musa ya ga wannan zubar da mutuncin ibada ne, ya yi umurni ran Asabar da ranakun idi a yi addu'ar sau ɗaya, mai ja gaba yana faɗa, jama'a suna binsa cikin natsuwa. Aka bi wannan a Masar fiye da shekara 300. A wata fatawa kuma, ko da ya ke ya sha kukan wuyar da mutanensa suka sha a hannun wasu sarakuna, ya bayyana cewa Musulmi masu kaɗaita Allah ne, babu bautar gumaka cikin addininsu.

Tafiyar Dawuda

A zamanin nan cinikin Hindu shi ne babban ciniki. Fatake su kan hau kogin Nilu zuwa garin Ƙus, daga nan su yanki hamada a kan raƙuma zuwa Aizab, wata tashar jiragen ruwa a bakin Bahar Maliya, wajen iyakar Masar da Sudan ta yau, inda alhazai ma ke ƙetarewa zuwa Jidda. Akwai wata wasiƙa da Dawuda ya rubuto wa wansa daga Aizab. Cikinta ya ba da labari cewa shi da abokin tafiyarsa sun rabu da ayari, suka ratsa hamada su kaɗai, suka iso lafiya da kayansu. Suna zaune a ƙofar gari sai ga ayarin ya iso, 'yan fashi sun tare shi, an washe mutane, an ji wa wasu rauni, wasu ƙishirwa ta kashe su. Da ya zaga kasuwa kuwa bai tarar da abin saye ba sai baba na rini, don haka ya ƙudura ya shiga jirgi ya wuce Hindu, ya roƙi wansa ya kwantar da hankalin mutanen gida.

Cikin irin wannan tafiya ta Hindu ne, wajen 1177, jirgin da Dawuda ke ciki ya nutse. Ya tafi da dukiya mai yawa, tasa da ta Musa da ta wasu mutane, ya bar mace da 'yar ƙaramar yarinya. Ɗan'uwa rabin jiki. Da labari ya iso Fusɗaɗ, Musa ya faɗi ciwo, ya yi kusan shekara guda a kwance, ga maruru, ga zazzaɓi, ga baƙin ciki, har aka fid da rai da shi. Bayan shekara 8 ya rubuta wa wani alƙali na Akka cewa har yanzu bai huce ba, Dawuda a hannunsa ya tashi, ƙanensa ne kuma almajirinsa ne, shi ke fita kasuwa ya nemo, shi kuwa yana zaune cikin aminci, kuma duk sa'ad da ya ga rubutun hannunsa sai ciwon ya dawo sabo.

Nan ne aka jarraba maganar da ya faɗa yana saurayi. Jari ya tafi, ga gida biyu a wuyansa, ga shi kuwa malamin da babu kamarsa a Masar. Da ya so jama'a su yanka masa albashi da sun yi da murna, babu kuma mai zarginsa, tun da haka sauran malamai ke yi. Bai yi haka ba. Sai ya koma ga ilmin magani da ya koya tun a Magrib, ya mai da shi sana'a.

Malami ya zama likita

Sannu a hankali sunansa ya kai fada. Alƙali Fadil, wazirin Salahuddin, mutum mai son littattafai da masu ilmi, ya jawo shi, ya yanka masa albashin likita. Daga baya ya zama likitan Malikul Afdal, ɗan Salahuddin. Ibnul Ƙifɗi, mai tarihin masu hikima, ya ruwaito cewa wani malami da ya zo daga Andalus ya kai ƙarar Musa, yana cewa ya musulunta a can sa'an nan ya koma Yahudanci, abin da hukuncinsa kisa ne. Alƙali Fadil ya kori ƙarar, ya ce musuluncin da aka yi bisa tilas bai inganta ba a shari'a.

Musa ya rubuta littattafan magani wajen 10, duka da Larabci. Akwai na ciwon fuka, da na basir, da na guba da dafin maciji da cizon mahaukacin kare, wanda Alƙali Fadil ya sa shi rubutawa don amfanin wanda abin ya same shi nesa da likita. Akwai na kiyaye lafiya da ya rubuta wa Malikul Afdal, inda ya yi gargaɗi a kan cika ciki, ya nuna amfanin motsa jiki da iska mai kyau, ya kuma bayyana cewa damuwar zuciya tana karya jiki, abin da shi kansa ya ɗanɗana. Akwai Fusulu Musa, babi 25, inda ya tattara maganganun Jalinusa, likitan Yunanawa, ya kuma nuna wuraren da ya saɓa wa kansa. Akwai kuma wani da ya jera magunguna 405 da sunayensu cikin harsuna dabam dabam, don kada mai sayar da magani ya ba da wani a maimakon wani. Ibnu Abi Usaibi'a ya sa shi cikin littafinsa na ɗabaƙoƙin likitoci, Alƙali Ibnu Sana'il Mulk ya yi masa waƙar yabo, Abdullaɗif Albagdadi kuma ya sadu da shi da ya zo Alƙahira.

Amma sana'ar nan ta ci lokacinsa. A 1199 wani malami na kudancin Faransa, Sama'ila bin Tibbon, ya nemi izini ya zo ya gan shi. Musa ya amsa masa cewa kada ya wahal da kansa, gama ba zai sami ko sa'a guda ta zama da shi ba, ya kuma zayyana masa yadda yininsa ya ke. Kullum da sassafe ya kan hau dabbarsa daga Fusɗaɗ zuwa fada a Alƙahira, ya duba sarki da 'ya'yansa da matansa da fadawa. Ba ya dawowa sai bayan rana ta karkata, ya tarar zaurensa cike da mutane, Yahudawa da waɗanda ba Yahudawa ba, manya da talakawa, masoya da maƙiya. Ya sauka, ya wanke hannu, ya roƙe su su yi masa haƙuri ya ɗan ci abinci, shi ke nan abincinsa na yini da dare. Sa'an nan ya fito yana dubawa yana rubuta magani har dare ya yi nisa, wani lokaci a kwance don gajiya, har magana ta gagare shi. Ran Asabar kaɗai jama'arsa ke samunsa, su taru bayan ibada ya tsara musu al'amuran mako, su yi karatu tare.

Manyan littattafansa biyu

Cikin shekarun rasuwar Dawuda da fara aikin likita ya kammala Mishne Tora, aikin shekara 10. Wannan shi ya rubuta da Ibraniyanci mai sauƙi, ya kasa shi littafi 14. Talmud, watau babban sharhin da malaman Yahudawa suka yi wa Mishna, kogi ne mai faɗi, hukunci ɗaya ya kan warwatsu a wurare da yawa cikin jayayya. Musa ya tsamo hukunce-hukuncen duka, ya jera su babi babi, tun daga aƙida da ibada har aure da ciniki da gado da shari'a. Kafin wannan ya rubuta wani da Larabci inda ya ƙidaya dokokin Attaura 613, umurni 248, hani 365.

Cikin Mishne Tora ya kasa sadaka daraja 8. Ta ƙasa duka ita ce wadda aka bayar da ɓacin rai. Ta kusa da ƙoli ita ce wadda mai bayarwa bai san mai karɓa ba, mai karɓa bai san mai bayarwa ba. Ta ƙoli kuwa ita ce a kama hannun wanda ya fara durƙushewa, a ba shi rance, ko a yi tarayya da shi cikin ciniki, ko a samo masa aiki, har ya tsaya da ƙafarsa ya daina bukatar kowa. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Littafin ya bazu da sauri, amma ya sami masu suka. Ibrahim bin Dawuda na kudancin Faransa ya zarge shi da yanke hukunci ba tare da ambaton inda ya samo ba, shugaban makarantar Bagadaza kuma, Sama'ila bin Ali, ya yi ta jayayya da shi.

Na biyun shi ne Dalalatul Ha'irina, kashi 3, wanda ya gama wajen 1190 da ajaminsu. Ya rubuta shi saboda almajirinsa Yusufu bin Yahuza, mutumin Sabta, da irinsa waɗanda suka karanta falsafa suka ruɗe, suna ganin kamar hankali da nassi suna karo. Ya bayyana cewa inda Attaura ta ambaci hannu ko fuska ko zama game da Mahalicci, ba a ɗaukarsa bisa zahiri, kuma ɗan Adam ya fi kusa da daidai in ya faɗi abin da Mahalicci ya tsarkaka daga gare shi, bisa ga ya ce zai siffanta zatinsa. Masu karatun tauhidi sun san irin wannan muhawara a tsakanin malaman Musulmi. Bin Tibbon ya juya littafin zuwa Ibraniyanci a 1204, daga baya aka juya shi zuwa Latin, Toma Akwinas babban malamin Nasara ya yi ta ambatonsa, wani malami Musulmi kuma, Tabrizi, ya yi sharhi a kan muƙaddimomi 25 da ke farkon kashi na 2. Cikin Yahudawa kuwa rigima ta tashi a kansa, har a 1232 wasu malaman kudancin Faransa suka hana karanta shi.

Yusufun nan, da ya yi niyyar buɗe makaranta a Bagadaza, malaminsa ya gargaɗe shi kada ya karɓi kome daga hannun shugabannin can, ya riƙe ciniki da aikin magani, gama dirhami guda da aka samu ta saƙa ko ɗinki ko sassaƙa ya fi masa abin da za su ba shi.

Rasuwarsa da abin da ya bari

Musa ya rasu a Fusɗaɗ cikin watan Disamba 1204, daidai da 601 ta Hijira, aka kai shi Ɗabariyya aka binne, kabarinsa yana nan ana ziyara. Ɗansa Ibrahim, wanda aka haifa a 1186, ya gaje shi a shugabanci da aikin likita, ya rubuta Kifayatul Abidina da Larabci, ya kuma yaba wa sufayen Musulmi a kan zuhudu da tsayuwar dare. Zuriyarsa ta riƙe shugabancin Yahudawan Masar har wajen ƙarshen ƙarni na 14.

Yahudawa sun girmama littattafansa da aikin hannu. Akwai kwafin Mishne Tora da aka rubuta a Faransa a 1296, da zane da ruwan zinariya, yana ajiye a Budafes, da kwafin Dalala da aka ƙawata a Basalona a 1348, yana Kofanhegan. A 1964 aka kafa mutum-mutuminsa a tsohuwar unguwar Yahudawa ta Ƙurɗuba, a 2010 kuma hukumar Masar ta gama gyaran majami'ar da ke ɗauke da sunansa a Alƙahira.

Hukuncinsa na hana malami albashi kuwa, yawancin waɗanda suka zo bayansa ba su iya ɗaukarsa ba. Shim'on bin Semah Duran, malami kuma likita, ya gudo daga tsibirin Mayorka a 1391 ya sauka a birnin Aljaza'ir, ya tarar aikin magani ba ya ci da shi a can, ya karɓi albashi daga jama'a, ya kuma rubuta hujjojin halaccinsa. Yusufu Karo, babban mai fiƙihunsu na ƙarni na 16, ya ce in ba a tallafi malamai ba ilmin kansa zai ɓace. Wannan ita ce hanyar da aka bi. Ko rayuwar Musa ta nuna maganar tana da fuska biyu, gama karatun da ya yi a farko da guzurin falke ya yi shi, sana'ar da ya kama daga baya kuwa ta tsare masa mutunci, amma ta bar shi ba shi da lokacin buɗe littafi sai ran Asabar. Abin da ba a yi jayayya a kansa ba shi ne, ya faɗi magana yana cikin wadata, ya kuma tsaya a kanta bayan wadatar ta nutse a teku.

Yawancin abin da aka sani game da zaman Yahudawan Fusɗaɗ ya fito ne daga wata al'adarsu, wadda malamai ba za su yi mamakinta ba. Ba su yar da takardar da a ke zaton akwai sunan Allah a jikinta, sai su zuba ta a wani ɗaki da su ke kira geniza. Ɗakin majami'ar Bin Ezra ta Fusɗaɗ ya yi ɗaruruwan shekaru yana cika, busasshiyar iskar Masar ta hana takardun ruɓewa. A 1896 zuwa 1897 wani malami, Sulaimanu Shekta, ya kwashe gutsattsari wajen 190,000 zuwa jami'ar Kambirij ta Ingila. Cikinsu aka sami daftarin littattafan Musa da rubutun hannunsa, yana gogewa yana gyarawa, aka sami takardar shaidar kuɗin fansar kamammu, aka kuma sami wasiƙar nan da Dawuda ya rubuto daga Aizab. Rubutun malamin da na falken da ya ci da shi, ɗaki ɗaya ya tsare su.

Iyakar labarin Musa bin Maimun ke nan. Tamat.